Bayolin ko biyola: amsa ga wata ɗiya mai kiɗa a Mancesta

Wasiƙar da ta zo mana:

"Assalamu alaikum Gwaggo. Shekarata 24, iyayena 'yan Katsina ne, amma a Ingila na tashi domin mahaifina likita ne a nan. Tun ina 'yar shekara 7 nake koyon bayolin, gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, kuma bana nake kammala digiri na biyu a kansa a Mancesta. Abokan karatuna uku, mata biyu da namiji ɗaya, sun nemi mu kafa kwatet, rukunin makaɗa huɗu mai bayolin biyu da biyola, wadda ta ɗan fi bayolin girma da kaurin murya, da celo, babban gogen da ake riƙewa tsakanin gwiwoyi. Sai dai kujerun bayolin duk da masu su, ni biyola suke so in riƙe. Na ɗan taɓa ta a makaranta, malamina ma ya ce hannuna ya dace da ita, amma zuciyata tana raya mini cewa baya aka mayar da ni. Ana cikin haka wata babbar ƙungiyar makaɗa ta ba ni damar gwaji a sahun bayolin na biyu, aiki mai albashi idan na dace. Abbana kuma ya ce don tarbiyya ya biya kuɗin koyon kiɗa, ba don 'yarsa ta zama maroƙiya ba, yana so in koma karatun lauya. Ni kuwa kiɗan zaure na 'yan mutane kaɗan shi ne abin da raina yake so. Yaya zan yi?"

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Abin da na fara lura da shi a wasiƙarki shi ne, matsalar da ta fi sauƙi ita ce ta fi cin ranki. Maganar biyola ba ita ce za ta yanke yadda rayuwarki za ta kasance nan da shekara goma ba. Abin da zai yanke shi ne halin mutanen nan uku da kike shirin haɗa abincinki da nasu, da kuma inda kuɗin haya zai riƙa fitowa kafin sunanku ya kai kunnen masu shirya wasanni. Duk da haka da biyolar zan fara, domin muddin wannan ƙulli yana zuciyarki ba za ki saurari sauran bayanin da kunnen basira ba.

Zancen cewa biyola mafaka ce ga wanda bayolin ya gagara tsoho ne a Turai, kuma har gobe ana tsokanar masu ita da shi a ɗakunan atisaye. Yana da tushe, domin a da akan ba biyola sassa marasa wahala a manyan ƙungiyoyi, sannan a tura mata makaɗan da hannunsu bai nuna ba. Amma waɗanda suka gina kiɗan zaure ba haka suka ɗauke ta ba. Mozart biyola yake ɗauka idan an zauna kiɗa da abokai. A wani zama da aka yi a Vienna a 1784, Haydn da Dittersdorf ne suka riƙe bayolin, Vanhal ya riƙe celo, shi kuma yana tsakiya da biyola. Beethoven ya yi aikin biyola a ƙungiyar fadar Bonn yana saurayi, Dvořák kuma da ita ya ci abinci a gidan wasan kwaikwayo na Prague daga 1862 zuwa 1871, shi ya sa ba abin mamaki ba ne da ya ba ta buɗe kwatet ɗin da ya rubuta a Amurka a 1893.

Labarin da ya fi kama da halin da kike ciki shi ne na rukunin Amadeus, wanda aka kafa a Landan a 1947. Uku daga cikinsu, Norbert Brainin da Siegmund Nissel da Peter Schidlof, Yahudawa ne da suka gudo daga Vienna, kuma dukkansu masu bayolin ne da suka yi karatu a hannun malami ɗaya, Max Rostal. Da yake kwatet ba ya ɗaukar bayolin uku, Schidlof ne ya ajiye nasa ya rungumi biyola. Shekara 40 suka yi tare da mai celo Martin Lovett ba a canza ko mutum ɗaya ba, da Schidlof ya rasu a 1987 kuwa sauran ukun suka rufe rukunin, ba su nemi wanda zai gaje shi ba. Haka aka yi a Amurka a 1964 wajen kafa rukunin Guarneri, inda Michael Tree, gwanin bayolin da ya riga ya yi wasa shi kaɗai a zauren Carnegie, ya karɓi biyola ya riƙe ta har rukunin ya yi ritaya a 2009. William Primrose ma, wanda ake sa wa a sahun gaba na masu biyola a ƙarni na 20, da bayolin ya fara. Malaminsa Eugène Ysaÿe ne ya ba shi shawarar ya sauya, ya shiga wani kwatet na Landan a 1930.

Ki kuma dubi abubuwa biyun da kike aunawa da kyau. A sahun bayolin na biyu na babbar ƙungiya za ki zama ɗaya daga cikin mutum 12 zuwa 14 da ke goga layi ɗaya, bakan kowa yana hawa da sauka tare, yadda madugu ya ga dama, kuma gwanintarki a wurin ita ce kada a ji amonki daban da na maƙwabciyarki. Aiki ne mai daraja, ba na raina shi. A kwatet kuwa layin biyola naki ne ke kaɗai, babu madugu, idan kin yi shiru babu mai cike gurbinki. Mai biyola tana tsakiyar sauti ne, bayolin biyu a samanta, celo a ƙasanta, kuma sau da yawa amon da ke hannunta shi ke sa haɗin sautin ya zauna ko ya yi tsami. Ita ce mai jin kowa a lokaci ɗaya, don haka rukunin da ya san ciwon kansa ba ya ba da wannan kujera ga mai raunin kunne. Idan abin da ranki yake so shi ne kiɗan da kike da ta cewa a cikinsa, to kujerar da kike gani ta baya ita ce ta fi kusa da muradinki.

Gargaɗina game da biyola na jiki ne. Tsawon gangar bayolin kusan santimita 35 da rabi ne, na biyola kuma daga 38 zuwa 43. Da za a bi lissafin sauti sosai, tun da an ɗaure tsirkiyoyinta mataki biyar ƙasa da na bayolin, da sai ta kai kusan santimita 53, abin da ba zai zauna a ƙarƙashin haɓar ɗan Adam ba, saboda haka kowace biyola sulhu ce tsakanin kyan amo da tsawon hannu. Matasa sukan ruɗu da babbar biyola saboda kaurin muryarta, su manta cewa kafaɗa da wuya da wuyan hannu ne za su ɗauki nauyin 'yan santimitocin nan na sa'o'i da yawa kowace rana. Lionel Tertis, mutumin da ya fito da biyola fili a Ingila, ya yi shekaru yana kiɗa da wata mai tsawon fiye da santimita 43, kuma ciwon hannu ne ya sa ya janye daga wasa a 1937. Ki zaɓi wadda yatsunki za su kai ba tare da kin miƙe hannu gaba ɗaya ba, kuma kada ki saya a shekarar farko. Ki ara daga makarantarku ko daga tsarin ba da aron kayan kiɗa irin na Benslow, har jikinki ya faɗa miki girman da zai iya. Ranar da kika fara jin zugi ko mutuwar yatsa, ki je asibitin makaɗa na BAPAM, kada ki jira ya zama ciwon da zai kwantar da ke. Sannan ki nemi malamin biyola na gaske, ko da na wata shida ne, domin wanda ya ɗauke ta da hannun bayolin siririn amo yake fitarwa. Bakanta ya fi nauyi, kusan giram 70 inda na bayolin yake kusan 60, tsirkiyoyinta masu kauri ne ba sa amsawa da sauri, kuma nauyin hannu suke so, ba dannawa ba. Karatun rubutunta, wanda mabuɗinsa daban ne, shi ne mafi sauƙi a cikin aikin, 'yan makonni sun isa.

Karɓar biyola kuma ba ya nufin ki rufe bayolin a akwati. Pinchas Zukerman ya yi suna da su biyun, haka makaɗa da yawa da ba su kai shi suna ba suke rayuwa da su biyun. Mai iya duka biyu ana kiranta aiki ta ƙofa biyu, kuma akwai wata ƙofa ta musamman ga mai biyola: Mozart ya rubuta kiɗa shida na mutum biyar masu buƙatar biyola biyu, Brahms yana da biyu irinsu da wasu biyu na mutum shida, don haka sauran rukunoni sukan gayyato baƙuwar mai biyola su biya ta. Ko a cikin rukuninku tsarin kujeru ba wahayi ba ne. A rukunin Emerson, wanda ya yi aiki daga 1976 zuwa 2023, masu bayolin biyun karɓa-karɓa suka riƙa yi a kujerar farko. Ba abin da zai hana ki roƙi a sa kiɗa ɗaya ko biyu a shekara da za ki riƙe bayolin a cikinsu, idan ɗaya daga cikin ƙawayen naki ta yarda ta ɗanɗana biyola. Yadda za su karɓi wannan roƙo ma zai nuna miki wani abu game da su.

Wannan ya kawo mu ga babbar maganar. Kwatet kamar gandu yake, gona ɗaya rumbu ɗaya, idan mutum ɗaya ya kwanta ciwo ko ya yi fushi ya jefar da fartanya, gidan duka ne zai ji a tukunya. Rukunin da ke son ya kai wani matsayi yana atisaye sa'o'i da yawa a yawancin ranakun mako, shekara da shekaru, domin abin da ke gabansa ba kaɗan ba ne: Haydn kaɗai ya bar kwatet 68, Beethoven 16, Shostakovich 15, Bartók 6, kuma masu sauraro sun san su ciki da bai. A cikin waɗannan sa'o'i za a riƙa gaya miki a fuska cewa kin yi sauri, kin yi ƙasa, kin danne wani, ke ma kuma dole ki faɗa wa wasu haka, gobe ku sake zama a ɗaki ɗaya. Ƙuri'a huɗu ce, tana iya rabuwa biyu da biyu, ba kuma shugaban da zai raba gardama. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma ban san wata sana'a da ta fi wannan cika maganar ba. Abota ta makaranta ba ta isa shaida ba, domin mutumin da kike jin daɗin shan shayi da shi yana iya zama wanda ba ya jure gyara, wadda kuma ba ku cika hira ba tana iya zama abokiyar aiki ta shekara talatin.

Saboda haka kada ki ba su amsar dindindin yanzu. Ki ce kin yarda da gwaji na wata shida, a cikinsa ku koyi kwatet ɗaya na Haydn, ɗaya na Beethoven, ɗaya kuma na ƙarni na 20, ku yi wasa da su a gaban jama'a ko a ƙaramin ɗaki ne, ku kuma yi tafiya ɗaya mai nisa tare. Ki sa ido ki ga wa ke zuwa a makare, wa ke zuwa bai koyi sashensa ba, wa ke yin shiru na kwana biyu idan an gyara masa, wa kuma ke ɗaukar wahalar rubuta wasiƙu da neman zaure da sayen tikitin jirgi, domin wannan aikin ofis ɗin yana da yawa, kuma idan ya taru a kan mutum ɗaya shi ne farkon gaba. Ki tambaye su kai tsaye, ba kunya, yadda kowa yake biyan haya. Idan ɗaya iyayenta suna ɗauke da ita, ɗaya kuma sai ta koyar da yara ashirin a mako kafin ta ci abinci, ba za su iya jira iri ɗaya ba. Ki tambayi wanda takardar zamansa a ƙasar za ta ƙare, da wadda take shirin aure ko ƙaura. Ke ma ki faɗa musu iyakokinki tun farko, na salla da azumi, da na ɗakin kwana idan an yi tafiya, da na liyafar bayan wasa inda ake shan giya. Ba baƙon abu ba ne a sana'ar kowa ya tsare sirrinsa. 'Yan Guarneri sun shahara da cewa kowa tafiyarsa yake yi daban, sai a zaure su haɗu, kuma sun kai shekara 45.

Idan wata shidan ya wuce kuna son ci gaba, ku rubuta yarjejeniya, lauya ya duba ta. Na san matasa suna ganin wannan kamar rashin yarda da juna ne, to ga abin da ya faru da rukunin Audubon a Amurka. A 2000 uku daga cikinsu suka sallami mai bayolin na farko, ya kai su kotu, kotu ta yanke a biya shi fiye da dala 600,000, suka rasa matsayinsu a jami'ar da ke ɗauke da su, har shari'ar ta kai wasunsu ga karyewar arziki da barazanar rasa kayan kiɗansu. Mutane ne da suka yi shekaru suna kiɗa tare. Takardarku ta faɗi yadda ake raba kuɗi, da wanda ya mallaki sunan rukunin da faifan da aka naɗa, da yadda mutum zai fita da wa'adin da zai bayar, da yadda za a sallami wani idan zama ya ƙi, da abin da za a yi idan ɗaya ta haihu ko ta yi doguwar jinya. A lokacin da kowa yake son kowa ake rubuta irin wannan takarda, domin ranar da aka buƙace ta ba mai iya zama da wani.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce mahaifinki yake gani ke kuma ba kya son kallo. Duk abin da aka biya kwatet a wasa ɗaya, dillalin da ya samo aikin zai cire nasa, yawanci kashi 15 zuwa 20 cikin 100, a cire kuɗin tafiya da masauki, a cire kujerar jirgin sama da ake saya wa celo domin ba a jefa shi cikin kaya, sannan a raba saura gida huɗu, kowa ya biya harajinsa. Ba a biyan atisaye, alhali shi ne ya fi cin lokaci. Zaurukan kiɗan nan ƙanana ne da gangan. Wigmore Hall na Landan, wanda kowane kwatet yake mafarkin hawa, kujerunsa kusan 550 ne kawai. Masu shirya wasanni kuma sukan cika jadawalinsu shekara ɗaya ko biyu kafin lokaci, don haka ko yau kuka burge wani, kuɗin sai baɗi ko baɗin baɗaɗa. Tun daga 2021, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, zuwa wasa Jamus ko Faransa ma ya ƙara takardu da kashe kuɗi. Ƙididdigar makaɗa da ƙungiyar Help Musicians da ƙungiyar ƙwadago ta makaɗa suka fitar a 2023 ta nuna cewa matsakaicin abin da makaɗi yake samu daga kiɗa a Birtaniya fam 20,700 ne a shekara, kashi 43 cikin 100 kuma ba sa kai wa fam 14,000. Ƙididdigar ta haɗa kowane irin kiɗa, amma ta isa ta nuna miki filin da za ki shiga.

Abin da wannan yake nufi shi ne, a shekarun farko kwatet ba zai ciyar da ke ba, ke ce za ki ciyar da shi da lokacinki. Abincin zai fito ne daga koyarwa, da aikin wucin gadi a manyan ƙungiyoyi idan suna neman ƙarin hannu, da naɗar kiɗan fina-finai, da shirye-shirye irin na Live Music Now, wanda Yehudi Menuhin ya assasa a 1977 domin a biya matasan makaɗa su yi wasa a gidajen tsofaffi da makarantun yara masu buƙata ta musamman. Akwai kuma ƙungiyar Chineke!, wadda Chi-chi Nwanoku, 'yar wani ɗan Najeriya, ta kafa a 2015 domin makaɗa baƙar fata da sauran tsiraru, ya kamata su san da ke. Tun da ba albashi kike ɗauka ba, ba mai biyanki ranar da kika kwanta ciwo, ba kuma mai tara miki fansho, don haka ki shiga ƙungiyar ƙwadago ta makaɗa, ki yi wa kayan kiɗanki inshora, ki riƙa ware kuɗin haraji daga kowane biya kafin 31 ga Janairu, ranar ƙarshe ta biyan haraji, ta riske ki.

Hanyoyin da rukuni yake bi ya fita daga wannan hali sanannu ne kuma ƙunci gare su. Akwai gasa, irin ta Banff a Kanada da aka fara a 1983, da ta Wigmore Hall, kowace bayan shekara uku ake yin ta, kuma yawanci ba a karɓar wanda ya haura shekara 35. Akwai tallafin cibiyoyi irin YCAT, wadda take yi wa matasan makaɗa aikin dillali a farkon tafiyarsu. Akwai kuma zama a jami'a, inda rukuni yake koyarwa yana wasa a kan albashi, tsarin da ya samo asali a 1940 lokacin da yaƙi ya hana rukunin Pro Arte komawa gida Beljiyam, Jami'ar Wisconsin ta ɗauke su. Irin waɗannan kujeru kaɗan ne, masu nemansu kuma gwanaye ne daga ko'ina a duniya. Shi ya sa nake ba ki shawarar ku sa wa kanku wa'adin shekara uku bayan wata shidan gwaji, domin a cikin shekara uku kowace daga cikin gasannin nan biyu za ta zagayo sau ɗaya. Alamar da za ki fi dubawa a ƙarshen wa'adin ba kofi ba ce, ita ce ko waɗanda suka gayyace ku sau ɗaya suna sake gayyatarku, kuma ko rabon kuɗin shigarki da ke fitowa daga kwatet yana ƙaruwa kowace shekara.

Gwajin babbar ƙungiyar kuwa, ki je ki yi shi. A Birtaniya irin wannan gwaji ba na rana ɗaya ba ne, akan kira mutum mako nan mako can na tsawon watanni, wani lokaci fiye da shekara, tare da wasu masu neman kujerar, kuma ana biyan ranakun da aka yi. Ba a ba ki aikin ba tukuna, saboda haka babu dalilin ƙin abin da bai zo hannu ba, kuma ko ba ki samu ba sunanki ya shiga jerin waɗanda ake kira aikin wucin gadi. Sharaɗin kawai shi ne ki gaya wa abokanki uku tun yau, kada su ji a bakin wani. Idan aka ba ki kujerar, a ranar ne zaɓi na gaske zai zo, domin cikakken aiki a babbar ƙungiya da kwatet mai neman gasa ba sa haɗuwa a jadawali ɗaya. Zuwa lokacin kin san mutanen nan uku fiye da yadda kika san su yanzu.

Game da mahaifinki, 'yata, kada ki ɗauki kalmarsa a matsayin zagi. Mutumin da ya yi shekara 17 yana biyan malaman kiɗa ba maƙiyin kiɗa ba ne. A inda ya tashi, makaɗi yana rayuwa ne da kyautar ubangida, goge kuma an fi danganta shi da bori da wuraren da mai mutunci ba ya son a ga 'yarsa, don haka abin da yake tsoro shi ne ki dogara da hannun wasu, da kuma abin da dangi za su ce a gida. Gaskiya kuwa tsoronsa na farko bai rasa tushe ko a Turai ba. Haydn ya yi kusan shekara 30 yana barantaka a gidan sarautar Esterházy, sanye da tufafin ma'aikatan gidan, kuma kwatet ɗin Schuppanzigh da ya fara kaɗa ayyukan Beethoven da yawa, jakadan Rasha Razumovsky ne ya ɗauke shi aiki a 1808. Yau ana aiki ne da kwangila da tikiti da albashin koyarwa, amma har yanzu gudummawar masu hali tana riƙe da wani ɓangare na sana'ar. Idan kika musa masa wannan zai gane ba ki san filin ba, idan kika amsa shi kika nuna masa yadda za ki tsaya da ƙafarki zai saurare ki.

Kada ki tunkare shi da gardama ko da maganar abin da ranki yake so, ya riga ya san wannan. Ki fara da Ummanki, idan kuma akwai baffa ko kawu da yake jin maganarsa ki roƙe shi ya zauna a wurin. Ki je da takarda, tun da likita ne ya saba da ita: ga abin da nake samu a wata daga koyarwa, ga haya, ga haraji, ga wa'adin da na sa wa kaina, ga abin da zan yi idan wa'adin ya cika ba a kai ko'ina ba. Hujjarki mafi ƙarfi ita ce ta lokaci. A Ingila mai digiri a wani fanni yana iya juyawa zuwa lauya da kwas na kusan shekara ɗaya kafin jarrabawar shiga sana'ar, kuma ba a tambayar shekarun haihuwa, don haka wannan ƙofar za ta kasance a buɗe kina 'yar 28. Ƙofar gasar kwatet kuwa tana rufewa, hannun da aka ajiye shekara uku kuma ba ya dawowa yadda yake. Ki roƙe shi aron waɗannan shekaru, ki yi masa alkawarin da za ki iya cikawa, kada ki yi wanda ba za ki iya ba don kawai a tashi daga zaman lafiya. Idan ya ce sai ya yi tunani, ki bar shi ya yi, kada ki aika masa da 'yan rarrashi kowace rana.

Idan kun shirya wasanku na farko a cikin watanni shidan nan, ki kai masa katin gayyata da hannunki, shi da Umma, ki zaɓi wasan rana ba na dare ba, ki kuma gabatar masa da abokan aikin naki uku ɗaya bayan ɗaya, har da namijin, domin ya san da waɗanda 'yarsa take tafiya. Ki gaishe mini da su duka.